Rabin Kapon da Baba Illa Ya Bari

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina buɗe gareji a Keita waya ta shigo: Baba Illa mai gogen mota na Madawa ya rasu.

Shi ya koya mini sana'a. Duk zamana a hannunsa bai taɓa sa hannu a kwano ba sai ya ga na zauna.

Ban gama kuka ba aka turo mini maganar wani Alhaji mai albasa, wai Baba ya ɓata masa fentin baƙar motarsa, kapo, wato murfin injin, duk zane kamar saƙar gizo. Ko likkafani ba a ɗinka ba!

Alhaji, ba haka aka yi ba, kuma ba zan yi shiru ba.

Kowa ya san halin Baba. Ba ya miƙa mota da magariba, yadda wasu ke yi don zanen injin gogewa ya ɓuya. Sai rana ta take. Kuma in zai fara, sikoc, tef ɗin nan mai ɗanko, yake mannawa a tsakiyar kapo, ya goge gefe guda a hankali, ya bar ɗayan yadda aka kawo shi, don mai mota ya gani da idonsa.

Ranar kasuwar da ta wuce na iske shi a kan motar nan, yana tari.

Ya ce, "Diba abin da masu wanki sunka yi mata da tsumma mai rairai, wani kuma ya bi da inji kamar mai niƙan hatsi. Bari in ji sauƙi in ƙare mata."

Na ce in kama masa. Ya yi dariya: "Kai? Har yanzu hannunka nauyi garai."

Sauƙin bai zo ba.

Motar na nan ƙarƙashin rumfarsa, ko sikoc ɗin ba a ɓare ba. Bayan addu'ar uku zan turo ta bakin titi da tsakar rana. Alhaji ya zo, duk wanda ya yaɗa maganarsa ya zo. Gefen da za ku ga fuskarku a ciki, shi hannun Baba ya taɓa.

Ɗayan ni zan ƙarasa, da hannuna mai nauyin nan. Nasa ba mai taɓa shi.

Allah Ya gafarta maka, Baba, Ya haskaka kabarinka, Ya ba iyalinka haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a.