Rajina, Sunan da Inna Ta Roƙa

Kwana biyu bayan Babbar Sallah, shekarar da na fara azumi, ni da Inna muna bisa rufin gidanmu na unguwar Shisha a Makka muna shanya naman layya. Baba ne ya kwaso shi daga Mina, domin a zamanin nan alhazai yanka suke yi su bari, mu kuwa mu yanyanka siri-siri, mu barbaɗa gishiri, mu rataya a igiya. Aikina korar ƙuda da kyanwa. Daga ƙasa ina jiyo ƙawayena suna 'yar carafke, hankalina duk yana can. Sai Inna ta ajiye wuƙa, ta dube ni, ta ce, "Ke, kira ni da sunana. Sau ɗaya kawai. Ce Rajina."

Inna ba Bahaushiya ba ce. A kudancin Chadi aka haife ta, wata baturiya 'yar mishan da ta karɓi haihuwarta ce ta raɗa mata wannan suna. Baba ya gamu da ita a hanyarsa ta zuwa Hajji a ƙafa, ta musulunta, malami ya sa mata Maryamu, suka ratso Sudan suka ƙetaro teku tare. To, ko Maryamun ma ba ta more shi ba. Baba "ke" yake ce mata, maƙwabta su ce Ummu Habiba, mu 'ya'ya mu ce Inna. Ta koyi Hausa, ta koyi kunyar Hausawa har ta fi masu ita. Ni ce 'yar farinta, kuma ba ta taɓa kama sunana ba har ta koma ga Allah.

Ni kuwa a unguwarmu da ni ake misali. In za a yi wa yarinya faɗa sai a ce, "Dubi Habiba." Ban je makaranta ba, amma ladabi kam ban ari na kowa ba. Ta yaya 'ya za ta kama sunan uwarta gatsau? Na sunkuyar da kai na ce, "Aib, Inna, ba kyau." Ta ce tun ranar da mahaifiyarta ta rako ta bakin kogi tana ƙwala mata kira, kunnenta bai sake jin sunan nan ba, tana tsoron ta manta yadda yake fita daga bakin wani. Na ci gaba da kaɗa mafici. Can sai ta yi dariya, ta ɗauki wuƙarta, ta ce, "Gwada ki nake yi. Allah ya yi miki albarka." Da yamma har ta ba Baba labari, ya yaba tarbiyyata, na yi ta jin kaina. Ba ta sake roƙona ba, ni ma ban sake tunawa ba sai bayan an kai ta makwancinta.

Bara jikata Samira ta haifi mace a unguwar Aziziyya, ta ce, "Ya Sitti, kakata, mene ne sunan mahaifiyarki na asali? Shi nake so in sa." Na faɗa mata ƙasa-ƙasa kamar mai sata. Ta taɓa wayarta, ta ce sunan daga Latin yake, tsohon harshen mutanen Rum, ana sa wa mata a Turai da wasu ƙasashenmu na Afirka, ma'anarsa sarauniya. Sarauniya! Matar da ta ƙare ƙarfinta tana wanke tufafin alhazai a bakin famfo, ita kanta ba ta taɓa sani ba.

Mijin Samira ya ce a takarda Malika za a rubuta, ai ma'anar ɗaya ce. Ban yi musu ba. A al'adarmu, jaririyar da ta ci sunan uwarki Inna za ki riƙa ce mata. Amma ranar suna, ɗaki cike da mata, na karɓe ta, na ɗaga murya na ce, "Rajina!" Tsofaffi suka riƙe baki. Yaran yanzu kuwa ko a jikinsu, su da ke kiran kowa da sunansa.

Yau babu mai shanya nama a bisa rufi, firji ya raba mu da igiya, gidan namu ma an rushe an yi bene. Duk ranar da aka kawo mini yarinyar nan sai na yi ta kiran sunan har muryata ta dishe, ita kuwa ta waiwayo tana dariya. Wadda ta roƙa kuwa, har yanzu ina ganinta ta ajiye wuƙa tana jira.