Naman Kuku da Tukubar Babana

Ni 'yar mahauci ce. Na tashi a wani ƙauye kusa da Minjibir, inda gonaki suke manne da juna har kana jin tarin maƙwabcinka daga kunyarka. Babana yana da tukuba a gindin tsamiyar kasuwa: tudun toka da aka daddaɓe, wuta a tsakiya, tsinkunan tsire a kafe kewaye da ita. Ni da Inna muke soya ƙuli-ƙuli, mu daka garin da ake barbaɗa wa naman.

A zamanin Turawa ne, ina budurwa, ɗan maƙwabcinmu ya dawo daga bariki. Ya yi wa wani Bature aikin girki, don haka kowa yake ce masa Kuku. Ya dawo da farar riga da farin gajeren wando, ya yi tsaga a suma, yana ƙamshin sabulu. Ranar da ya fara tare ni a hanyar rijiya, ruwan tuluna rabi ya isa gida. Tun daga nan ko tatsar mai nake yi, fuskarsa nake gani a cikin ƙwarya. Na riga na gama shirya zamanmu a raina, har da irin labulen da zan rataya.

Da kakar gyaɗa ya buɗe wurin gashi a wajen gari, bakin hanyar mota, kusa da rumfar da ake awo. Daga nan ya turo manyansa neman aurena. Babana ya saurare su, ya ce, "Ba na ba mai gashi 'yata sai na ci namansa."

Ranar da za su je wurin Kuku, babana da Baffa ƙaninsa, na ɗora farantin ƙuli a ka na bi su, wai talla.

Rumfar kwano ce, da tebur, da kujeru masu jingina. Akawun awo da direbobi biyu suna zaune suna fama da cokula masu yatsu, kowa yana satar kallon ɗan'uwansa ya ga yadda ake riƙewa. Babana ya dudduba, ya ce, "Ina tukubar?"

"Ai an daina yayinta, Baba," in ji Kuku. Ya nuna rabin duro da ragar waya a kai. Ya ɗebo gawayi, ya watsa masa kananzir, wuta ta tashi fuu, har Baffa ya dafe gemunsa.

A wurinmu tsire ba a ɗora shi a kan wuta. Yanka shi ake yi sala-sala, a soka a tsinke, a mulke shi da garin ƙuli da yaji, a yayyafa mai, a kafa shi a gefe yana fuskantar wutar. Hayaƙi ya yi sama, zafi ya zo masa a hankali, mai tukuba yana tsugune yana juyawa. Shi kuwa Kuku wata ƙatuwar gunduwar nama ya ɗauko mai kaurin tafin ƙafa, ya maka a kan raga. Ya juya sau ɗaya, ya sauke, ya ajiye wa babana a farantin tangaran da wuƙa da cokali.

Babana ya ture cokalin, ya yi bisimilla, ya yanka. Waje baƙi ƙirin, ciki ja wur, ruwan jini ya malalo cikin faranti.

"Kai, yaro," in ji Baffa, "wannan saniyar in aka mayar wa Bafillace da wuri, ina jin za ta tashi."

"Haka Bature yake ci, Baffa. Ya ce daɗin yana cikin jinin."

"To shi Baturen, da ka gasa masa, ya ba ka 'yarsa?"

Direbobin suka ƙyalƙyale da dariya. Ni kam raina ya ɓaci, na ce a zuciyata tsofaffi ba su san so ba. Kuku yana tsaye, gumi yana bin tsagar sumarsa, ni kuma ina ganin bai taɓa yin kyau kamar ranar ba.

Babana ya yanki gefen da ya ƙone ya tauna. Ya daɗe yana taunawa, sannan ya ce, "Gishiri na ji. Kananzir na ji. Ina ƙuli?"

Na yi maza na sauke farantina a bakin tebur. Tun asuba na zaɓo wa Kuku waɗanda suka fi soyuwa.

Kuku ya kalli farantin ya yi murmushi. "Baba, ai ƙuli tunkuza ce, abin da ya rage bayan an tatse mai. A bariki dabbobi ake ba wa."

Ya faɗa ne hankalinsa kwance, bai ko tuna wa ta soya ba. Na kalli hannuwana, duk tabon ƙunar mai. Na ce wa raina ba da nufi ya yi ba, na mayar da farantina ka.

Ni na zaci magana ta mutu a nan. Amma babana kujerar ta yi masa daɗi, ya kuma ga yadda direbobi suke cika wurin. Ya miƙe ƙafa ya ce, "Ɗan nan, hannunka bai mutu ba, ɓata shi aka yi. Ka zo ka tsuguna a gaban tukubata har kakar nan ta wuce. Ran da ka ba ni tsinke na cinye ban yi magana ba, ka turo manyanka."

Kuku ya zo ranar kasuwa, cikin fararen kayansa, ɗauke da kujera. Baffa ya ce, "Tukuba ba ta san kujera ba." Ya ajiye ta, ya shimfiɗa takarda a ƙasa, ya ɗosana kamar mai jiran a kira shi. Ni ina gefe da tallana ina yi masa addu'a.

Babana ya ba shi jerin tsire guda ya kula da shi. Da farko ya yi ƙoƙari. Sai iska ta ɗan juyo, toka ta sauka a kan farin wandon. Ya zabura ya miƙe yana kakkaɓewa da hannu bibiyu, gwiwarsa ta kwashe jerin, tsinkunan suka kife cikin toka. Shi kuwa ko juyawa bai yi ya ga naman ba, yana can yana hura wa wandonsa iska, yana tambaya ko akwai mai ruwa.

Akwai ruwa a butar da ke kusa da ƙafata. Ya kalle ni, na kalle shi, da idanun nan nasa da suka hana ni barci tun damina. Na ɗauki butar na miƙa wa babana ya wanke naman.

Da muka koma gida babana ya ce, "To, uwata, me kika gani?"

Na ce, "Na ga wando, Baba."

Kuku bai ƙara turo kowa ba. Wurinsa ya ci gaba da cika, domin akawu ya gwammace ya ci kananzir a kan kujera da ya ci tsire a tsugune. Ni kuma da rani na auri wani mai tukuba daga wajen Makoda, wanda rigarsa ba ta taɓa sanin fari ba. Har yau in na ji ƙamshin sabulun nan gabana yakan faɗi kaɗan. Sai in aika jikata ta sayo mini tsire, in ce ta tabbata an cika ƙuli.