Teburin Bahago a Gidan Habu

Ranar da Habu Dogo ya nemi in zana masa shagon kafinta a bayan gidansa, har gobe ba ta fita daga raina ba. Ku da kuka zo kamfanin nan kwanan nan, kuna ganinmu muna cin tuwo kwano ɗaya, ba ku san akwai lokacin da ko tarinsa ba na son ji ba.

A lokacin ni ne fomen, wato mai raba aiki da duba shi kafin ya fita. Habu yana ƙarƙashina, a hannuna ma ya koyi riƙon zarto. Haifaffen Agege ne, Yarbanci a bakinsa kamar ruwa. Ni kuwa daga Ɗambatta na zo, na tsufa a ɗaki ɗaya na haya, inda ko ƙusa ka buga sai mai gida ya leƙo.

Wata damina manaja ya kira ni ofis, ya ce kwastomomi sun daina yarda da zanen fensir, kowa so yake ya ga kujerarsa a kwamfuta kafin a taɓa katako. Ya ba ni manhaja biyu in gwada. Ta farkon kyakkyawa ce, amma sabis na ɗaukewa take tsayawa cak, kuma milimita kaɗai ta sani. Na ce, "Oga, je ka wa mai sayar da katako maganar milimita ka ga kallon da zai maka." Ta biyun tana aiki ba sabis, tana jin ƙafa da inci, tana kuma fitar da tsawon kowane yanki. Ita na zaɓa.

To, da me zan koye ta? Sai na fara zana shagon da nake mafarki tun zuwana Ikko. Na ɗaga daɓen saboda ruwan Agege da ke shigowa ba sallama. Injin yanka na sa shi daidai ƙofa, don dogon katako ya samu wurin fita. Taga a gabas, rami na tara garin katako a kusurwa. Sai teburin aiki. Ku riƙe wannan: teburin kafinta ba a yi masa tsayin kowa da kowa. Mai shi zai tsaya ya saki hannu, inda wuyan hannunsa ya tsaya nan ne saman tebur. Ni gajere ne kuma bahago, don haka nawa ya yi ƙasa, ƙarfen matse katako yana ɓangaren da ba a saba gani ba. Na sa wa zanen suna "Shagona", kullum da hutun azahar ina buɗewa ina ƙara wani abu.

Ana haka mahaifin Habu, tsohon ɗan kasuwar goro, ya bar masa filin bayan gidansu. Fili a Agege, jama'a! Kyauta!  Na ce masa Allah ya sanya alheri, amma ni na san bakina ne kawai ya faɗa.

Sai ga Habu da tef ɗin awo a hannu yana murmushi. "Oga Sale, wannan zanen da kake ɓoyewa in an shigo, shi nake so. Na auna filin, kamar don shi aka yi."

"Wane zanen?"

"Haba Oga. Shagona."

"Au, har ya zama naka?"

Ya yi dariya, ni ban yi ba. Na shiga neman sa da laifi. Kujera ya haɗa lafiya lau, na ce ƙafarta ta karkace. Uwargida ta gaji da tsakina, ta ce, "Malam, zanen nan a kwamfuta za ka yi ta kiwonsa har mu koma Ɗambatta?" Maganar ta yi mini zafi don gaskiya ce.

Na ba Habu zanen. Amma aiki aiki ne: na tsayar da shi jikin bango, na auna wuyan hannunsa, na ɗaga teburin, na mayar da ƙarfen ɓangaren masu dama. Ina goge awona daga zanen ina jin kamar kayana ake fitarwa daga ɗaki. Da aka fara gini ban taka wurin ba, kullum da uzurina.

Ranar walimar buɗewa dai babu yadda zan yi, na je. Komai yana inda na ajiye shi: tagata, ƙofata, har ramin garin katako. Mutane na ta cewa, "Kai, Habu akwai basira!" Na ji kamar in fasa ihu. Ina neman hanyar sulalewa sai na ga wani tebur na biyu ƙarƙashin taga, wanda babu shi a zanen da na bayar. Gajere. Na matsa na saki hannu, samansa ya taɓa wuyan hannuna daidai. Ƙarfen kuma yana ɓangaren bahago.

Habu ya zo bayana. "Oga, kafin ka goge na riga na kwafe awonka. Ni in na yi aiki a kansa bayana zai karye. Ga makulli."

Abin da na koya ke nan a sana'ar nan: kafinta yana iya ɓoye maka zuciyarsa, amma wanda kuka daɗe kuna jan zarto tare ya san awonka ko ba tef. Duk Asabar a can nake aiki yanzu. Kada kuma ku ɗauka ƙyashin ya tafi. Fili ya riga ni, shago ya riga ni, ɗan banzan dogon nan har a kirki ma sai da ya riga ni.