Motar da Ta Koma Bi ta Ruga

Da ana iya maida magana baki, da na maida wadda na faɗa a ƙarƙashin dalbejiyar ofishin magajin gari, a shekarar da ruwa ya ɗauke gero yana fitar da kai. Ba wanda ya tilasta mini. Ni na ɗaga hannu, na miƙe da sandata, na faɗe ta da ƙarfi don na baya su ji.

Ƙaramar hukumarmu tana tsakanin Tasawa da Mayahi, kuma mota ɗaya take da ita ta ɗaukar jama'a, wata farar bas da gwamnati ta ba mu. Duk ranar kasuwa takan tashi daga garinmu, ta ratse cikin rairayi ta bi ta rugar Fulani da ke arewa da mu, sannan ta dawo kan hanyar jar ƙasa ta nufi Tasawa. Kuɗin shiga kaɗan ne, ba ya isar gazuwal, wato man da take sha, balle albashin direba da taya. Daga lanho, wato harajin kai, da harajin kasuwa ake cika sauran.

A rugar nan akwai abokina, makiyayi, tun muna samari muke tare. Kowane rani shanunsa a gonata suke kwana su bar mini taki, ni kuma in kai masa dammunan gero. Da girma ya zo sai ciwon ido ya kama shi. Likitan Tasawa ya ce ciwon ba ya warkewa, amma in yana zuwa ana dubawa yana karɓar maganin ɗigawa, zai riƙe sauran ganinsa. Wannan motar yake shiga. Na san haka sarai.

A waccan shekarar mutane ba su sami abin ci ba, balle abin biyan lanho. Magajin gari ya tara dattawa ya ce asusu ya bushe, ko dai a ajiye motar ko a rage mata wani abu. Aka yi ta kai da kawo. Sai na miƙe na ce rairayin ruga shi ke shan mai, a daina bi ta can. Na ƙara da cewa ai su suna da jakai da raƙuma, mu talakawan gona ne ba mu da ƙafa. Aka yi dariya, dariyar ta yi mini daɗi. Sai da na juya zan zauna na ga abokina a gefe, tsugune, ya dogara haɓa bisa sanda. Da aka tashi ya gaisa da kowa, har da ni, ya tafi.

Ranin nan shanunsa ba su kwana a gonata ba. Matata ta ce in je in ba shi haƙuri, na ce ai gaskiya na faɗa, man ba na ubana ba ne. Daga baya na ji ya gwada zuwa Tasawa da amalanke, rana da ƙura suka ƙara tayar masa da idon, bai sake ba. Na fara kasa cin tuwo in na tuna. Duk da haka ban je ba, don ban san da bakin da zan fara ba. Rage hanyar ma bai ceci motar ba. Kafin zafi ya kama sosai ta tsaya gaba ɗaya, kaji suna kwana ƙarƙashinta.

Wata safiya aka sake kiranmu. Magajin gari ya ce tallafi ya zo daga Yamai. Ni karatuna bai yi nisa ba, amma na kasa kunne, ga abin da na fahimta. Gwamnatin ƙasa tana da wani kaso da take tura wa ƙananan hukumomin da harajinsu ya gaza. Wannan da ya zo ba na sayen sabuwar mota ba ne, ba kuma na gina tasha ba. Na tafiyar da wadda ake da ita ne: gazuwal, albashin direba, taya, gyara. Ba gaba ɗaya za a ba da shi ba, kashi-kashi ne, kuma sai an ga motar tana aiki a saki na gaba. Wani dattijo ya tambaya ko za a iya ɗiba a sayi hatsi. Aka ce a'a, na hatsi hanyarsa daban. Sannan magajin gari ya faɗi sharaɗin: ba za a ƙara kuɗin shiga ba, kuma dole motar ta bi duk inda aka ce za ta bi ranar da aka ba mu ita.

Na ce, "Har ruga, ranka ya daɗe?"

Ya dube ni ya ce, "Har ruga, Baba. Ko kana da magana?"

Na ce ba ni da ita.

Ranar kasuwar da ta biyo baya na shiga motar, ba ni da abin saye ko sayarwa. Da muka ratse cikin rairayi sai tunanin abokina nake, don ban san yadda zan same shi ba. Mata masu nono suka taso da ƙorai suna guɗa. Can na hango shi yana tahowa shi kaɗai, ba mai ja masa sanda. Ya taka ƙarfen ƙofa daidai, bai lalube ba. Ya tsaya yana duban kujeru, idonsa ya sauka a kaina.

Ya ce, "A'a, Kaɗo, ina raƙuminka?"

Na ce, "Ni ai ba ni da ƙafa, ka manta?"

Ya ce, "Ban manta ba. Matsa, ka cika kujera kamar buhun wake."

Na matsa ya zauna. Na tambaye shi idon. Ya ce na hagu ya tafi, na dama yana nan, kuma ya ishe shi ganin munin fuskata. Na buɗe baki zan ba shi haƙuri, ya riga ni. Ya ciro goro ya ɓara, ya miƙo mini rabi. Muna gab da Tasawa ya ce, ba tare da ya juyo ba, "An ce gonarka ta rame bana. Shanu na nan tafe, ka gaya wa uwargida ta tanadi geron."

Likita ya duba shi ya ce na daman zai riƙe in bai sake yanke zuwa ba. A bakin ƙofar na zauna na yi ta hamdala. Na hagun kuwa, Allah kaɗai ya san ko da ma zai tafi, ni dai ban taɓa iya cire kaina daga ciki ba.

Ba ni na maido da motar ruga ba, mutanen da ban taɓa gani ba suka maido ta. Ku da za ku zauna ƙarƙashin dalbejiyar nan bayanmu, asusu zai sake bushewa wata shekara. In aka ce a rage, don Allah ku waiwaya ku ga wanda ke tsugune a gefe kafin ku ɗaga hannu. Kada ku yi irin nawa.