Duktura Nasima: Daga Bab Makka Zuwa Kujerar Minista

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Duktura Nasima. Da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi ba su san ta ba, don haka bari in fara da faɗin ko wace ce. Likitar mata ce 'yar Indiya, wadda ta yi shekara goma sha ɗaya tana aiki a wani ƙaramin asibitin kuɗi kusa da Bab Makka a nan Jidda. Daga baya ta koma gida, ta shiga siyasa, har ta zama ministar lafiya ta jiharsu. A can kowace jiha da ministocinta, wato abin da 'yan'uwanmu na Najeriya suke kira kwamishina.

Ni haifaffiyar Jidda ce, kakana ne ya zo aikin Hajji daga ƙasar Katsina bai koma ba. An ɗauke ni aiki a asibitin ne saboda ina jin Hausa da Larabci, matanmu kuma ba sa iya faɗa wa likita abin da ke damunsu. Ni ce bakinta, ni ce kunnenta. Larabcinta a karye yake, Hausarta ba ta wuce "sannu" da "ina ke ciwo?" ba, amma da su ta saye matan unguwa. Ummu Maryam take kirana, da sunan 'yata ta fari.

Wata rana bayan Azahar aka kawo wata mata mai suna Indo, 'yar Damagaram, wadda ta zo Umara ta zauna tana sayar da abinci. Cikinta wata takwas, ƙafafu sun kumbura, tana cewa idonta yana ganin duhu. Ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama. Mai asibitin, wanda shi ne kafilin Duktura, wato wanda ya tsaya mata ta samu izinin aiki a ƙasar, ya sha yin gargaɗin cewa kada a karɓi wanda ba shi da takarda. Duktura ta fito ta dubi ƙafafun kawai, ta ce, "Yalla, shigo da ita." Jinin Indo ya hau ƙwarai. Ta yi mata abin da za ta iya, sannan ta cire rigar aiki, muka shiga tasi mu uku zuwa babban asibiti, ba ta baro wurin ba sai da aka ba Indo gado.

Washegari mai asibitin ya kira ta, ni ma aka kira ni shaida. Ya ce ko ta san sa hannunsa ɗaya ya isa ya mayar da ita ƙasarsu? Ta ce, "Na sani. Ka mayar da ni. Amma da na bar ta a ƙofa, gawa biyu za ka tarar a ƙofar taka." Ni ma aikina a hannunsa yake. Sai ya ce mu fita. Bai kore ta ba, bai kuma sake gaishe ta ba har kusan wata uku. Indo ta haifi ɗa namiji lafiya.

Rashin lafiyar mahaifiyarta ne ya mayar da ita gida. Ta buɗe ɗakin duba mata a garinsu, kuma matan da take dubawa su ne suka tura ta takara. Karon farko ta faɗi, na biyu ta ci kujerar majalisar jiha. Da jam'iyyarsu ta kafa gwamnati aka ba ta ma'aikatar lafiya. Ranar da ta sanar da ni, dariya na yi na ce, "Duktura, ke da ba ki iya lallashi ba, me za ki yi a siyasa?" Gaskiya na faɗa. Tana da kaifin harshe, ba ta jure gaisuwa mai tsawo, ni kaina ta taɓa sa ni kuka don na sassauta maganar da ta ce in faɗa wa wani miji. Hali zanen dutse ne.

Tana kan kujerar ta zo Umara, ta baro masu rakiyarta a masauki ta zo gidana, muka zauna a ƙasa muka ci tuwo. A nan ta faɗa mini abin da ke ranta. Jiharsu cike take da leburori daga wasu jihohi, masu gini da masu aikin gona, da matansu, yarensu daban, takardunsu na can inda suka baro. Tana so ta ba asibitocin gwamnati umarni su fara dubawa, tambaya daga baya. Manyan jam'iyya sun ce waɗannan ba a nan suke jefa ƙuri'a ba.

Na ce, "To in suka cire ki fa?"

Ta ce, "Ummu Maryam, duk wadda na gani a cikinsu, Indo nake gani. Mulki rigar aro ce, gara in yi aiki da ita kafin mai ita ya zo."

Ta ba da umarnin. 'Yan hamayya suka yi ta yawo da shi cewa ta ɗauki maganin 'yan gida ta ba baƙi, 'yan jam'iyyarta suka yi gum. Da aka yi garambawul, aka sauke ta, zaɓe na gaba ma ba a tsayar da ita ba. Ta kira ni a waya, muryarta wasai: "Halas, na koma kan aikina." Da ta iya sassauci da ta daɗe a kujerar, wataƙila ma ta yi wasu ayyukan da ba ta samu yi ba. Na sha auna wannan, ban kuma yanke hukunci ba. A ɗakin duba matan nata ta ƙarasa shekarunta, har ciwon zuciya ya ɗauke ta.

Yau da za ta dawo Jidda, da ba ta gane hanya ba. Ganin likita ma a waya ake neman lokacinsa. 'Ya'yanmu mata sun shiga aikin jinya, ba sa neman tafinta, sai dai in Hausa za a yi, don sun fi jinta fiye da mayarwa. Na san za ta ji daɗin wannan. Na kuma san tambayar da za ta biyo baya: wanda ba shi da waya, ba shi da lambar iƙama, ta wace ƙofa yake shiga?

Watan jiya wani Ba'indiye mai aiki a unguwar masana'antu ta Jidda ya zo gyara mana na'urar sanyaya ɗaki. Muna hira ya ce kafin ya zo Saudiyya ya yi leburanci a jihar su Duktura, a can ma matarsa ta haihu, a asibitin gwamnati, ba wanda ya tambaye su daga ina suke sai bayan an yanke cibi. Ashe waɗanda suka gaje ta ba su soke umarnin ba. Na ce masa ko ya san wanda ya kawo wannan tsari? Ya yi ɗan tunani ya ce, "Wallahi Hajja ban sani ba, haka muka tarar ana yi."

Na so in faɗa masa sunanta, sai na fasa, na ƙara masa shayi. Aikin da ya zauna har aka manta da mai shi, aka ɗauka dama can haka duniya take, ya fi ƙarfin a tuna. Allah ya jiƙan Duktura Nasima, ya sa ta tarar da shi a gaba.