Gidan Baya, Ba Bayan Gida Ba

Rubuta yadda na faɗa miki, 'yar nan, kada ki juya mini ko kalma ɗaya. Juyin kalma ne ya ɓata wa babanki suna har ya shiga kabari.

Muna zaune a Kabara lokacin, kina goye, saura shekara biyu ko uku a ba da mulkin kai. Malam, wato babanki, yana aikin tafinta a wata makarantar samari can wajen Ƙofar Kabuga. Sai wani Bature, malami a makarantar, ya kawo sabon wasa: a rataye kwando a kan dogon itace, a riƙa jefa ƙwallo ciki da hannu. Ya ba Malam dokokin, ya ce ya mayar da su Hausa.

Ni ko bihim ban sani ba, amma da ni aka yi aikin. Bayan la'asar Malam ya shigo da ƙwallon, ya ɗebi toka a murhu, ya ja layi ya raba tsakar gida biyu.

"Riƙe nan. To, taka mu gani."

Na taka ɗaya, biyu, uku.

"Kin yi laifi! Ba a tafiya da ita a hannu sai ana buga ta da ƙasa. In kuma kin tsaya, ƙafa ɗaya ba ta ɗagawa, sai dai ki yi ta juyawa a kanta."

Na ce, "Ashe turke ne, irin na maraƙi."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya rubuta ƙafar turke. Doka ta biyu ce ta ba shi wahala: in ka tsallake layin tsakiya da ƙwallo, ba ka da ikon mayar da ita inda ka fito. Ya rasa sunan da zai ba wannan rabin filin. Na ce ai gida ne, kamar na dara. Wanda ka shiga gidan gaba, wanda ka baro gidan baya. Haka ya rubuta, a gabana.

Ranar wasan farko aka gayyato iyayen yara da manyan gari. Ni ina gida, ƙanena ne ya je ya kawo mini labari. Wani ɗan wasa ya mayar da ƙwallo baya. Baturen, mai taƙamar ya iya Hausa, ya busa usur ya ɗaga murya:

"Laifi! Ba a komawa bayan gida!"

Fili ya ɗauki dariya. Wani dattijo ya ce, "To Bature, in ta matsa wa mutum fa?"

Da aka raɗa wa Baturen abin da ya faɗa, fuskarsa ta yi ja. Maimakon ya ce harshensa ne ya karkace, sai ya nuna Malam da yatsa: "Shi ya koya mini haka."

Takardar tana cikin aljihun Malam. Bai fito da ita ba.

Da ya dawo ko ruwa ban ba shi ba. Na ce, "Malam, me ya riƙe maka hannu?"

"Ba a ƙaryata na gaba da kai a bainar jama'a."

"Shi kuma ya halatta ya ƙaryata ka?"

"Ki bari. Kwana biyu za a manta."

Ba a manta ba. In ya ratsa Kasuwar Kurmi sai dukawa su ce, "Malam Bayan Gida, an fito lafiya?" Mutumin da ya sauke Alƙur'ani, ya koma zagaye kasuwa ta lungu kamar ɓarawo. Baturen ya gama wa'adinsa ya koma ƙasarsu da mutuncinsa. Yara suka ci gaba da cewa ƙafar turke, babu wanda ya tambayi daga bakin wa ta fito.

Ranar da Malam ya rasu, ina ɗaki mata sun cika tsakar gida, na ji wata tana tambayar wane ne mamacin. Aka faɗa mata wancan sunan a hankali, ta guntse dariya. A kan gawarsa! Wallahi ban yafe ba. Shi ma Malam, Allah Ya ji ƙansa, ina kukansa kullum, amma ina jin haushinsa. Kunyarsa ce ta bar mu da wannan.

Buɗe adudun nan, ɗaga zanen ƙasa. Ga takardar, gara ta ci gefenta. Karanta mini layi na biyu da ƙarfi.

Yawwa. Gidan baya. To sa shi a can sama, da manyan baƙaƙe.