Kukan Baba Tome a Gidan Surukai

A gyara zama, a rage hayaniya, ga Baba Tomekichi na unguwarmu a Kyoto, sarkin amsa laifi, wanda 'yan sandan talabijin suka kama sau ba adadi, amma ko kaza bai taɓa sata ba.

Injin masaƙa ne ya cinye masa ƙaramin yatsa yana saurayi, a nan kuwa mai guntulen yatsa ɗan daba ake ɗaukarsa. Masu shirin 'yan sanda suka gani suka ce sun tsinci dami a kala. Aikinsa ɗaya ne: a zaunar da shi ɗakin tuhuma, a haske masa fitila, ya yi gum. Sai babban ɗan sanda ya turo masa kwanon shinkafa da nama, ya ce, "Ci mana. Tsohuwarka tana ƙauye?" Shi ke nan, sai kuka da tonon asiri. Da shirin ya mutu ya koma sayar da taliya.

Ranar da za a gana da iyayen saurayin 'yarsa Harue, mutanen da ke tsoron abin faɗa kamar wuta, ta roƙe shi. "Baba, don Allah hannun nan ya zauna a ƙarƙashin tebur. Maganar talabijin kuma a bar ta a gida."

Ya bi umarni, har aka kawo abinci. Uban yaron, tsoho Inagaki, ya turo masa kwano mai murfi, ya ce, "Ci mana. Mahaifiyarka na nan da rai?"

Kafin hankali ya iso, jiki ya riga shi. Kai ya sunkuya, kafaɗu suka hau rawa, hannun mai guntulen yatsa ya fito ya daki tebur. "Ni ne, ranka ya daɗe. Ni na aikata."

Harue ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Can uwar yaron ta ce, "Ashe kai ne na talabijin. Kullum kai nake tausaya wa."

Iyayen yaron sun yarda da auren, amma da sharaɗi: Baba Tome ya maimaita kukan a wurin biki. Ya yi, a gaban dangi kaf, ana tafi, amarya na kallon tabarma.

Jiya a shagonsa na ce, "Kai, Baba Tome, kukanka ya aurar da 'ya. Gwarzo ke nan."

Bai ko ɗago ba. "Taliyarka ta huce. Ci ka tashi, ana jiran kujerar."